Wa ya miƙa wa yaron wayar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan zancen da ya cika majalisu a Agege da Idi-Araba a nan Ikko, wato yara da gem (wasannin waya). Kowa kuka yake: yaro ya ƙi hadda, ya ƙi aike, sai gem ɗin Free Fire. Har yau ban ji wanda ya tambayi wa ya miƙa masa wayar ba.

Mu ne. A Ikko yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya, tsakar gida ta kowa ce, titi kuwa na danfo ne. Ina filin da yaro zai yi langa? Uba ya fita kasuwar Mile 12 tun asuba, cunkoso bai sake shi ba sai bayan isha'i. Uwa na gaban kaskon tuya, ɗan shekara uku na tsala ihu, sai ka ji, "Ungo, yi mini shiru." Alhali tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da mai ɗaukar bulala da mai alfaharin "ɗana ya fi ni iya waya", babu wanda ya san abin da ke ciki. Gem ɗin Subway Surfers gudu ne kawai. Free Fire da Roblox kuwa yaro na hira da baƙin da ba ka sani ba, ana kuma sayen kayan wasa da kuɗi na gaske. Ka ƙwace wayar da faɗa, gobe ka same shi a gidan gem na lungu, yana kallon manyan samari na zuba kuɗi kan wasan ƙwallo. Ni dai gara ya yi a gabana, da lokacin da na yanka masa. Manhajar Google Family Link kyauta ce, tana rufe wayar da kanta idan lokaci ya cika.

Ina roƙon ka tura wakilinku ya zaga gidajen gem na Agege da misalin ƙarfe huɗu, lokacin Islamiyya, ya ƙirga masu allo a hammata.

Wassalam,
Mai karatunku daga Agege, Legas