Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsina Kan Barasar Leda da Ake Sayar wa Yara

Mai Martaba Sarkin Katsina,
Alhaji Abdulmumini Kabir Usman,
Ta hannun Magajin Garin Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu iyaye ne da dattawa daga unguwannin cikin birni da na bayan ganuwa. Mun kawo kuka kan wani abu da muka daɗe muna rufawa don kunya, har ya fi ƙarfin rufi.

Ranka ya daɗe, a da mashayi sai ya fita gari, ya ɓuya, kuma babba ne. Yanzu barasa ta shigo lungu a ƴar leda da ƴar kwalbar roba wadda ba ta fi yatsa biyu ba. Ana jera ta a teburin mai shago kusa da alewa da omo, wata da sunan maganin basir ko na ƙarfin jiki, alhali ta fi giyar kwalba ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Yaro ɗan shekara 14 yana iya sayenta da kuɗin tara da uwarsa ta ba shi, ya cusa a aljihun wandon makaranta. Ya shanye, ya tauna cingam, ya shigo gida. Uwa sai dai ta ga ido ya yi ja, barci ba lokaci, an daina Asuba, sannan ƙarfen tabarya da tukunyar gas su fara ɓacewa. Wanda ya saba da wannan ba ya daɗewa sai ya haɗa da taramol ko sholisho, daga nan kuma sai zaman ƙauraye.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne ba a rasa doka ba. Tun shekarar 2000 jiharmu ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200 a farkon 2024, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba kamfanoni tun 2018. An hana kodin a 2018, mun ga sauƙinsa na ɗan lokaci. To ta wace ƙofa wannan kaya ke shigo mana?

Ba mu wanke kanmu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: da yawanmu ba mu san inda ƴaƴanmu suke ba bayan Isha'i, wani kuma in aka tsawata wa ɗansa sai ya zo da faɗa.

Amma kama yaro a yi masa bulala da aski, a bar mai shago yana ciniki, bai taɓa rage komai ba. Roƙonmu Sarki ya umarci dagatai da masu unguwanni su bi shagunan yankunansu ɗaya bayan ɗaya, domin babu mai unguwar da bai san teburin da ake nufi ba. Mai gidan da ya ba irin wannan mutum haya a kira shi gaban Magajin Gari. Muna kuma roƙon fada ta zaunar da Hisba da NDLEA (hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi) da NAFDAC wuri ɗaya su bi sawun dillalan da ke kawo kayan katan-katan, limamai kuma su ambaci abin da sunansa a huɗuba.

Yaran da suka riga suka yi nisa suna bukatar likita. Wasu iyaye mari suke saka musu a ɗaki saboda ba su da kuɗin asibiti. A taimaka a isar mana da wannan ga gwamnati.

A shirye muke mu zo fada mu nuna wuraren, in dai za a sakaya sunayenmu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka,
Iyaye da dattawan unguwannin birnin Katsina