Ga matasa masu haɗa hotunan gem: tun daga ɗauko hoto ake ɓata aiki

Ya Edita,

Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da matasanmu da ke yanko jaruman Free Fire da PUBG da 'yan ƙwallon eFootball su haɗa su a hoto guda, su sa a Facebook ko su buga su manna a gidan gem. Fasaha ce da muke ƙauna, shi ya sa yake mana ciwo mu ga aiki ya fito dishi-dishi, a ɗora wa waya laifi, alhali tun wajen ɗauko hoton aka yi ɓarnar.

Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ba ya gyaruwa. Ɗauki naka daga cikin gem. Wasanni irin su God of War da Ghost of Tsushima suna da sashen ɗaukar hoto, inda za ka tsayar da wasa, ka juya kyamara, ka kashe rubuce-rubucen allo. A na'urar gem ta PS5 ka mayar da nau'in fayil ɗin da ake aje hoto daga JPG zuwa PNG, domin JPG yana cin gefe: da ka zo yanke gashin jarumi za ka ga ƙananan murabba'ai sun kewaye shi kamar ƙuraje.

Kafin ka ɗora komai, tsayar da girman shafi. Takardar A4 a kan ɗigo 300 a inci tana son fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 2480 a faɗi da 3508 a tsayi. Hoto mai 1920 da 1080, in ka ja shi ya cika tsayin wannan takarda, ka buɗa shi fiye da sau uku ke nan, dole ya fashe. Irinsa a ƙananan gurabe ake sa shi, babban jarumi kuwa a nemo masa mai 3840 da 2160.

Da ibisPaint X a waya, ko GIMP da Krita a kwamfuta, duk ana yi ba tare da biyan kuɗi ba. Kowane jarumi a leyarsa, wato shimfiɗarsa daban da ake ɗorawa a kan sauran. Kada ka goge bayan hoto da magogi, rufe shi da maski, wanda ke ɓoye sashen hoto ba tare da goge shi ba, don in hannu ya zarce ka ci kunne ko yatsa sai ka dawo da shi. Bayan ka zagaye jarumi, rage zagayen da fiksel 1, ka tausasa gefen da 1 ko 2. Rashin yin haka ne ke barin farin zare a jikin mutum.

Inda aka fi faɗuwa shi ne haske. Wannan jarumi rana ta doke shi ta dama, wancan ta hagu, ko yaro ya kalla ya san liƙi ne. Juya ɗaya daga ciki su fuskanci haske guda, amma ka kula da 'yan ƙwallo, lamba da sunan riga za su koma baibai. Sannan buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin ƙafa, sa ta a Multiply, tsarin da ke duhunta abin da ke ƙarƙashinta, ka shafa inuwa da burushi mai laushi, ƙarfinta 30 zuwa 40 cikin ɗari, in ba haka ba jarumin zai yi ta yawo a iska. A saman komai shimfiɗa launi ɗaya, ƙarfi 10 zuwa 15, ya haɗa kan hotunan. A ganinmu babban jarumi ɗaya da ƙanana biyu ko uku sun isa. Goma kasuwa ce.

Hotunan nan mallakar kamfanonin gem ne, kuma Nintendo ta yi suna wajen tsanani a kan kayanta, saboda haka buga su a riga don sayarwa neman rigima ne. Ɗauko zanen wani daga shafin hotuna na Pinterest a goge sunansa kuwa sata ce.

In za ka kai bugu, aje fayil mai leyoyinsa daban, ka fitar da PNG, ka tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada WhatsApp ya matse shi. Bar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Takarda ta fi allo duhu, don haka a fara buga ƙarami a duba fuskoki kafin a biya kuɗin babba.

Naku,
Wasu masu zane da kwamfuta, Kano