Kafin ku tura hoton mutum, ku kai yarinyar likita

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaida ku da aiki, ina gaida masu karatunku na nan Tawa da na Yamai da ƴan uwanmu da ke ci-rani. Don Allah ku ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mani rai, wato yadda muke yi da zancen fyaɗe tun da salula ta shiga hannun kowa. Ni ungozoma ce, sajfam kamar yadda ake ce muna, na yi aikin har na aje, don haka abin da zan faɗa ba a fada na jiyo shi ba.

Yanzu da an ce an yi ma wata yarinya fyaɗe, kafin la'asar gari ya rabu biyu. Wasu sun riga sun yanke hukunci, hoton mutumen na yawo a gurup-gurup na WhatsApp da bokal ana cewa a kashe shi, wasu kuma sun riga sun wanke shi, "ai ƴan matan yanzu maƙaryata ne, kuɗi ta ke so", kuma wallahi duka ɓangarorin biyu babu wanda ya ga yarinyar, babu wanda ya ji ta bakin mutumen, babu ma wanda ya tambaya ko an kai ta likita. Ni wannan tambayar ce ta fi damuna, don a can ne gaskiya ke tsira ko ta mutu.

Na ga an kawo mani yarinya mai talla, ba ta kai shekara goma sha uku ba, bayan abin ya kusa sati. An yi mata wanka da ruwan zafi an gasa ta, zanen da ta ke ɗaure da shi ranar an wanke shi tas an shanya. Mi ya sa ba a kawo ta da wuri ba? Saboda manya sun fara zama a zaure, dangin mutumen sun zo da goro da ƴan jikkuna ana a rufa asiri, a duba zumunta, kar sunan gida ya ɓaci, sai da maganar kuɗin ta watse sannan anka tuno da likita, kawunta na tsaye bakin ƙofa yana ce mani "madam ki rubuta muna sartifika mai ƙarfi". Yarinyar kuwa tana zaune bakin gado ta ƙi ɗaga kai, sai murza bakin hijabinta ta ke yi, ko sunanta na tambaya sai uwar ta amsa. To mi zan rubuta? Abin da jiki zai nuna ya fara warkewa, abin da tufa za ta nuna ya bi ruwa. Kuma abin da ya fi ban takaici, maganin da ke kare mutum daga ƙwayar sida bayan irin wannan sai an fara shan shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki ma kwanaki kaɗan gare shi, duk sun wuce ana zaman zaure.

Ku sani kuma takardar likita ba ta faɗin sunan kowa. Abin da za ta iya cewa shi ne an ga rauni ko ba a gani ba, kuma rashin ganin rauni ba ya nufin ba a yi ba, yarinya na iya sandarewa don tsoro ta kasa ko motsi. Shi kuma duba budurci da iyaye ke matsa muna a yi, hukumar lafiya ta duniya ta fito fili a 2018 ta ce ba shi da tushe a ilimin likita, a daina. Na sha faɗa ma iyaye haka suna kallona kamar na ƙi taimakonsu.

Ɗaya gefen ma na gan shi da idona, kuma shi ne mutane ba su son a taɓa. Ƙazafin fyaɗe akwai shi. Amma yadda na ga yana faruwa a nan ba irin yadda samari ke ba da labari a fada ba ne, wai mace ta zauna ta ƙulla sharri don saurayi ya ƙi ta. Sau da yawa duka ne ke haifar da shi. Ciki ya bayyana ga yarinya, ko ga matar da mijinta ya shekara biyu a Abijan, sai a rufe ɗaki da ita, yayyenta maza da bulala, ki faɗi ko wane ne ko mu kashe ki, ita kuma wanda ya yi ɗin ba ta iya furta sunanshi, ko don a cikin gidan ya ke ci ya ke kwana, ko don babban mutum ne da ya riga ya tsorata ta, sai ta jefo sunan wanda ba shi da kowa, mai kabu-kabun da ke kai ta kasuwa ko yaron tela na bakin titi, don dai a daina dukanta. Wani yaro da na sani haka ta faru da shi. Kafin jandarma su iso an fasa mashi baki an farfasa keken ɗinkinshi, hotonshi da jini a riga ya kai har gurup ɗin ƴan garinmu na Libiya da Kodebuwa, ya yi watanni a kaso yana jiran bincike, daga baya yarinyar ta faɗa ma juji gaskiya da anka ba ta wuri ita kaɗai babu mai bulala a kanta. An sake shi. Ranar da ya fito ban ga mutum ɗaya da ya tura bokal ya ce jama'a mun zalunci bawan Allah ba. Gidan da ya kai kuɗin neman aure sun maido mashi, masu kawo ɗinki sun ɗauke ƙafa, ƙarshe Agadas ya tafi. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga salula dubu. Kuma ku lura, duk watannin da yaron nan ya yi a rufe, wanda ya yi aika-aikar yana nan yana shiga yana fita a gidan da yarinyar ke kwana.

Shi ya sa in na ji ana cewa duk mai kare ƙa'idar nan ta cewa wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, wai maƙiyin mata ne, sai in ce a'a. Ƙa'idar ba ta ce yarinya ƙarya ta ke ba. Cewa ta yi a saurare ta, a duba ta, a bi sawun maganarta har ƙarshe, amma hukunci na alƙali ne bayan hujja. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, tana cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 a aya ta 11, tana cikin yarjejeniyar Afirka ta 1981 a aya ta 7, tsohon tsarin mulkinmu na 2010 ma ya rubuta ta. Kundin hukunta laifukan da mu ke da shi tun 1961 ya sa ma fyaɗe kaso na shekara 10 zuwa 20, in yarinyar ba ta kai 13 ba 15 zuwa 30. Hukunci mai nauyi haka, wanda ni ina goyon bayanshi ɗari bisa ɗari, ai dole a tabbata kan mai laifin ya sauka. Dokar kuma ta tanadi kaso ga wanda ya kai ƙarar ƙarya da gangan, kuma masu tura hotuna su sani dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, a 2024 ma an maido da hukuncin kaso kan ɓata suna ta wannan hanya.

Mu da mu ke musulmi ma ai ba sai an je nesa ba. Annabi Yusuf alaihissalam sharri anka yi mashi, kuma mi ya wanke shi a wurin? Riga. Mai shaida ya ce a duba in ta gaba ta yage ko ta baya. Tufa ke nan, irin wadda mu ke wankewa mu shanya kafin a zo likita. Kuma duk da rigar ta nuna gaskiya sai da ya yi shekaru a kurkuku saboda manyan gari sun fi son a rufe maganar. Nana A'isha uwar muminai wata guda Madina na yawo da zancenta har Allah Ya saukar da ayoyin suratun Nur, Ya kuma tsawata ma waɗanda sunka riƙa karɓar zancen baki da baki suna ɗaukar shi abu mai sauƙi. Bulala tamanin ce haddin ƙazafi. Amma malamai don Allah in kuna wa'azin nan ku riƙa cika shi, don wasu na fakewa da shaidu huɗu su rufe bakin yarinyar da anka zalunta, alhali a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu macen da ta zo tana kururuwar neman agaji ko tana zubar da jini ana duba wannan a matsayin alamar tilas anka yi mata. Neman haƙƙi wurin hukuma daban, yaɗa zance a gari daban.

Kar kuma a ce ai mu ne ba mu da kayan aiki shi ya sa. Faransa da mu ka gaji tsarin shari'arta, da jujin bincike da komi, ta yi abin kunyar Outreau, wani gari a arewacin ƙasar. An kama mutane da yawa kan lalata da yara bisa maganar da ba a tace ba, an yi shari'a a 2004, zuwa ƙarshen 2005 mutum 13 an wanke su, wasu bayan sun yi kusan shekara uku a kaso an raba su da ɗiyansu, ɗaya ya mutu a tsare tun kafin a zo shari'ar, har shugaba Jacques Chirac ya ba su haƙuri. Amma yaran fa da gaske an cuce su, kotu ta tabbatar, mutum huɗu sun sha ɗauri. Wato cutar da anka yi ma yaran gaskiya ce, gaggawa da hayaniya ne sunka jawo marasa laifi ciki.

Su kuma masu cewa yawanci duk sharri ne su ji wannan. A Ingila ofishin masu gabatar da ƙara ya fitar da rahoto a 2013, cikin wata 17 an gurfanar da 5,651 kan fyaɗe, waɗanda anka gurfanar kan ƙarar ƙarya 35 ne. Ni ma abin da na gani a ɗakin awo haka ya ke, waɗanda anka cuta sunka yi shiru har abada sun ninka masu ƙazafi nesa ba kusa ba, don wace uwa ce a Adar za ta so a san ɗiyarta da wannan? Mace ta san in ta buɗe baki ita za a fara tambaya mi ya kai ki, mi kika sa, ƙarfe nawa ne. Saboda haka duk namijin da ya ji labarin tela ya ce "kun gani ko", bai fahimce ni ba. Yarinyar can ma an yi mata fyaɗen, sannan an dake ta a kai.

Abin da ni ke roƙo ba shi da yawa. Iyaye, in abu ya faru kar a yi wanka kar a wanke tufa, a sa su cikin takarda ko tsumma mai tsabta ba leda ba, a tafi likita a ranar ko dare ne, a je komisariya ko jandarmari a karɓo rekizisiyo, wato takardar da hukuma ke ba likita ya duba yarinyar, kuma kar wanda ya ɗaga ma yarinya hannu don ta faɗi suna, a bar mace mai hankali ta zauna da ita. Masu unguwa da limamai ku daina karɓar sulhu kan fyaɗe, wannan ba rikicin gona ba ne, kuma sulhun nan shi ma wanda anka yi ma sharri ba ya wanke shi, biya ya ke yi don tsoro ya zauna da tabon. Hukuma kuma ta dubi jinkiri, awa 48 ne tsarewar farko wurin ƴan sanda amma da an wuce da mutum kaso sai Allah, abuka, wato lauyoyi, kusan duk suna Yamai fiye da kilomita 500 daga nan, talakan Ilela ko Keita ina ya ga kuɗin ɗauko su, ga hukumar ANAJJ da anka kafa tun 2011 don taimaka ma marasa ƙarfi a shari'a amma je ka kasuwa ka tambayi mutum goma ka ji nawa sunka san da ita. Gwajin ADN, wato na ƙwayar halitta, shi ma ya kamata ya zama abin da ɗiyar mai talla da yaron tela za su iya samu, don shi kan raba gardama musamman in akwai ciki.

Ku ma ƴan jarida da gidajen rediyo akwai naku. Ku daina sa suna da hoton wanda ake tuhuma tun ba a kai shi gaban alƙali ba, ku daina kwatancen unguwa da gidan yarinya har kowa ya gane ta, kuma ranar da kotu ta yanke, ɗauri ne ko saki, ku ba labarin fili daidai da wanda kunka ba ranar kamu. Ina roƙonka Malam Edita ka turo wakilinku nan Tawa ya zauna da ungozomomi da ma'aikatan kotu, ya tambayi kwana nawa ake yi kafin a kawo yara likita, wata nawa mai jiran shari'ar fyaɗe ke yi a tsare, ku buga muna abin da ya samo.

Na gode, Allah Ya taimaka.

Wata tsohuwar ungozoma, daga Tawa.