A yi wa kamfanoni sauri, amma a duba wa suka koya wa aiki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan tsarin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ƙarƙashin Minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta fito da shi a watan Mayun 2025, wanda ya mayar da neman biza da izinin ɗauko ƙwararru daga waje ta intanet don rage jira.

Ni ma'aikacin lantarki ne a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, kuma ban ƙi saurin ba. Injinan yanzu da kwamfuta suke aiki. In ƙwaƙwalwar injin ta rikice, sau da yawa sai wanda kamfanin da ya ƙera shi ya turo daga China ko Indiya ne zai buɗe ta. Takardar izinin shigowarsa na kwance kan teburi a Abuja, mu kuma a nan inji na tsaye, an sallami leburori 'yan kullum, har mai sayar da shinkafa da wake a bakin get sai ta ji a jikinta.

Damuwata a wani wurin take. Ƙa'ida ta ce duk gurbin da aka ba kamfani na baƙo, sai an haɗa shi da 'yan Najeriya biyu su koyi aikin, domin su gaje shi. A takarda ana cikawa tsaf, har da hoto. A cikin masana'anta kuwa, yaron akwatin kayan aiki yake ɗauka. Zai kwance murfi, ya riƙe fitila, ya miƙa sufana. Da an zo jona kwamfuta da injin, inda ainihin ilimin yake, sai a aike shi ɗebo ruwan sanyi. Lambobin sirrin suna kan baƙon, ko hutu ya tafi gida da su yake tafiya. Wa'adi ya cika a sabunta, a ce har yanzu ba a samu wanda ya iya ba. Ta ina zai iya? Akwai ma baƙon da takardarsa ta ce injiniya ne, amma aikinsa ƙirga buhuna a sito.

Ba doka muka rasa ba. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan Umarni na 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙo in akwai ɗan ƙasa da ya iya aikin. A Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta sa harajin dala 15,000 a shekara kan darakta baƙo, dala 10,000 kan sauran, ba a yi wata guda ba aka dakatar da shi. Ni ban yi kukansa ba, don kuɗin da ya shiga asusun gwamnati ba ya koya wa kowa gyaran inji.

A duba yadda Kanada ta yi tun 2017. Tana iya kammala takardar ƙwararre cikin mako biyu, amma sai kamfani ya rubuta alƙawarin abin da zai yi wa 'yan ƙasa, ko sababbin ayyuka ko horo, kuma ana bibiya. A Denmark ma, kamfanin da hukuma ta riga ta tantance ne kaɗai ke bin layin sauri.

Mu ma a yi layi biyu. Kafin a sabunta gurbi, Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata, ko COREN mai kula da aikin injiniyoyi, ta turo injiniya ba tare da sanarwa ba, ya sa ɗan koyon ya buɗe akwatin wutar injin, ya gano matsala da hannunsa, baƙon na gefe. Kamfanin da yaransa suka ci, a ba shi takardunsa cikin kwanaki. Wanda yaransa suka tsaya kallon waya, ya bi dogon layi, kuma a tambaye shi dalilin da masu difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano ke jan Adaidaita Sahu a gaban get ɗinsa.

Naka,
Wani ma'aikacin lantarki,
Sharaɗa, Kano.