Ranar da rajistar aji ta zama rumbun bayanai

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na amsa laifin shirun da na yi tun wasiƙarka ta ƙarshe. Ka tuna darasin rumbun bayanai da aka ɗora mini in koya wa 'yan ƙaramar sakandare, wanda ka yi ta dariya kana cewa mutumin da ba ya gane inda ya ajiye alƙalaminsa shi ne zai koyar da tsara bayanai? To, makon jiya yaran sun gane shi sarai.

Da farko na bi littafi, na ce musu rumbun bayanai wuri ne da ake adana bayanai cikin tsari domin a iya nemo su, a gyara, a ƙara ko a cire, sai na ga idanu sun fara lumshewa. Na rufe littafin na ɗauko rajistar kiran suna, na nuna musu cewa kowane layi na yaro ɗaya ne, kowane gurbi kuma na abu ɗaya, kamar suna ko shekarar haihuwa. Daga nan na ce su nemo mini makin wani yaro, alhali na san akwai biyu a ajin masu suna ɗaya har da sunan uba. Gardama ta kaure, har wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce a duba lambar shiga makaranta, tunda ba a ba mutum biyu lamba ɗaya. Wallahi na ji daɗi, domin da bakinta ta gano abin da masana ke kira mabuɗi, wato lamba ko alamar da ke bambanta kowane layi da sauran.

Washegari muka zana jadawali na biyu na littattafan da ake ara a laburare, inda muka rubuta lambar yaro kawai maimakon sunansa da adireshinsa. Da na tambaye su abin da za a yi idan yaro ya sauya gida, da kansu suka ce gyara wuri ɗaya ya wadatar. Na shaida musu cewa wannan dabarar ta haɗa jadawali da jadawali ita ce Edgar Codd na kamfanin kwamfuta na IBM ya bayyana a 1970, kuma a kanta aka gina harshen SQL da ake yi wa rumbu tambaya da shi. Na so in ba su labarin katuna masu huji da Herman Hollerith ya ƙirƙiro don adana bayanan ƙidayar Amurka ta 1890, amma ƙararrawa ta riga ni.

Misalai kuwa su suka riƙa kawowa: lambobin cikin waya, asusun banki, katin asibiti, da kujerar jirgin sama da ba a sayar wa mutum biyu. Wani ya ce ashe har wasan da yake yi a waya yana ajiye makinsa a rumbu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da wani yaro ya yi a ƙarshe, cewa wa ke da izinin buɗe rumbun asibiti ya ga ciwon mutum, kuma wa zai hana shi faɗa wa wani. Na yi maganar kalmar sirri da iyakance izini, amma na ga bai gamsu ba, ni ma ban gamsu ba. Kai da ka daɗe kana aikin adana bayanai, ka rubuto mini yadda za ka amsa wa ɗan shekara 13, kafin darasin mako mai zuwa. Kuma don Allah kada wannan wasiƙar ta bi sahun sauran cikin akwatin nan naka da ba shi da mabuɗi ko jadawali.

Ka gaishe da mai ɗaki da yara.

Naka,
Amininka