Wasiƙa kan runduna ta 509

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa mu gaba. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka leƙo gida ba.

Rannan ka tambaye ni a waya wane irin jirgi ne Amurka ta kai wa Iran hari da shi a watan Yunin 2025, sai layi ya katse. B-2 ne, guda 7, daga sansanin Whiteman na jihar Missouri suka tashi. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai lambar rundunar ce, 509. Ita ce fa ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ta ƙasar Japan a Yaƙin Duniya na Biyu.

An kafa ta ranar 17 ga Disambar 1944 a Wendover, wani fako a jihar Utah, aka damƙa ta ga Kanar Paul Tibbets yana ɗan shekara 29. Jiragenta 15 ne ƙirar B-29, an cire musu sulke da bindigogi, ban da na wutsiya, don su rage nauyi. Wata da watanni matuƙa suna atisayen abu ɗaya: a saki ƙaton bam, a karya kan jirgi da ƙarfi, a ranta a na kare. Yawancinsu ba su san me ake shirin ɗora musu ba har aka kai su tsibirin Tinian da ke tekun Pasifik.

Ranar 6 ga Agustan 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, yara sun fita makaranta, manya sun kama hanyar aiki, bam ya sauka. Enola Gay ake kiran jirgin, sunan mahaifiyar Tibbets ke nan. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, mutum ya sa a rubuta sunan uwarsa a jikin irin wannan jirgi. Kafin shekarar ta ƙare an rasa mutum kusan 140,000.

Bayan kwana uku Manjo Charles Sweeney ya tashi da na biyu, kuma garin Kokura aka nufa. Sau uku yana zagaya shi, hayaƙi da gajimare sun rufe gari, ga mai yana ƙarewa. Sai ya juya Nagasaki. Ka ga mutanen Kokura, kwanansu na gaba, sun wuni suna harkokinsu ba su san abin da ya wuce ta kansu ba.

Bayan yaƙi ba a rushe rundunar ba. Ta zauna a Roswell ta jihar New Mexico, ta koma sansanin Pease na jihar New Hampshire a 1958, daga baya Whiteman, inda B-2 na farko ya iso ranar 17 ga Disambar 1993, shekara 49 cif da kafa ta. A 2015 ma jikan Tibbets ne aka ba shugabancinta.

Mu ma ta taɓa zuwa kusa da mu. A watan Maris na 2011 jiragenta suka ragargaza wani filin jirgin soja kusa da Sirte a Libiya, ka kuwa san yadda makamai suka kwararo ta Sahara bayan faɗuwar Gaddafi. Mutum biyu kacal ke cikin kowane B-2. Su tashi daga Missouri, a yi ta shayar da jirgin mai a sararin sama, su saki kayansu, su komo gida wurin iyalinsu ba tare da sun ga fuskar ko mutum ɗaya a ƙasa ba. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Tunda kana Virginia, Enola Gay yana nan a gidan adana jiragen sama da ke kusa da filin jirgin Dulles. Don Allah in ka sami sarari ka je, ka ɗauko mini hoton sunan nan da ke jikinsa, da na allon bayanin da ke gabansa.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka