Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Kalandar Baɗi Ta Tsohuwar Kaduna Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, abokan cinikin wannan ƙaramar maɗaba'a, muna gaishe ku tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali da sana'a. Kamar yadda kuka sani, a ƙarshen kowace shekara mukan buga kalanda mu raba wa waɗanda suka yi hulɗa da mu, kuma bisa al'ada hotunan cikinta na furanni ne da gine-ginen ƙasashen da yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba. Bana mun yanke shawarar sauya hanya. Kalandar baɗi za ta ɗauki hotunan Kaduna ne kaɗai, musamman ƙungiyoyin ƙwallo da masana'antu da kantuna da wuraren shaƙatawa waɗanda ko dai sun rufe, ko an rushe su, ko kuwa suna ne kawai ya rage musu. Wannan aiki ba zai yiwu ba sai da taimakonku, domin hotunan da muke bukata suna cikin akwatunanku da tsofaffin jakunkunan iyayenku.

Da muka fara maganar a shago, wani dattijo daga cikin masu kawo mana aikin rasit ya tuna mana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mun karɓi maganarsa, amma ba kuka muke so mu tara mutane su yi ba. Abin da ya dame mu shi ne yaran da ke koyon aiki a wurinmu, waɗanda aka haifa a Tudun Wada da Kakuri da Unguwar Rimi, suna iya lissafa 'yan wasan Arsenal da Real Madrid har da na benci, amma ba su san cewa wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya ya fara wasa ne a ƙungiyar wata masaƙa ta garin nan ba.

Marigayi Rashidi Yekini muke nufi, haifaffen Kaduna, wanda ya taka leda a ƙungiyar masaƙar UNTL a farkon shekarun 1980 kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan. A wasan da Nijeriya ta doke Bulgeriya da ci 3 da nema a Amurka a 1994, shi ya jefa ƙwallon farko ya riƙe raga yana kuka, sannan Daniel Amokachi ya ƙara ta biyu, wanda shi ma ɗan Kaduna ne da ya fito daga Ranchers Bees kafin ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Wato biyu daga cikin ƙwallaye ukun ranar daga filayen garin nan aka reno ƙafafun da suka ci su. Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, waɗanda suka ciwo zinare tare da Amokachi a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, su ma duk haifaffun Kaduna ne.

Ita kanta Ranchers Bees asalinta DIC Bees ce, ƙungiyar masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya da ke Kakuri, kafin Alhaji Mukhtar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanata, ya karɓe ta ya sauya mata suna. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa a 1987, inda Abiola Babes ta yi nasara a kanta. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofi ta Afirka, ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta ɗauke kofin. A 1989 kuwa ta ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abidjan. Wanda ya taɓa shiga filin wasa na Ahmadu Bello a waɗannan shekaru ya san yadda ake cika shi tun kafin la'asar, da masu kalangu, da masu sayar da rake da gyaɗa, da waɗanda ba su da kuɗin tikiti suna jiran a buɗe ƙofa a ƙarshen wasa su shiga su ga abin da ya saura. Sunan Ranchers Bees bai mutu ba, kuma Kaduna United ta sake faranta mana rai da ta ɗauki kofin ƙalubale a hannun Enyimba a 2010, amma ƙungiyoyin masana'antu irin su UNTL da DIC, waɗanda ɗan wasa ke da lambar ma'aikaci da albashin wata, an daɗe da rufe babinsu.

A nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin a ganinmu nan ne asalin maganar take. Mutane sukan ce ƙwallon Kaduna ta mutu ne saboda zuwan tauraron ɗan'adam da gidajen kallon ƙwallon Turai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ƙwallon ba a sarari take tsaye ba, a kan albashin masaƙa take tsaye. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya fi sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila, tana saƙa akoko da audugar da manoman Funtuwa da Gusau da Zariya suka noma. Bayanta aka samu Nortex, da Arewa Textiles wadda Japanawa suka zuba jari a cikinta, da UNTL mai buga atamfa, sannan Finetex da Unitex da Supertex. Dubban mutane ne ke shiga su fita sau uku a rana, na safe da na rana da na dare, kuma idan aka tashi aiki titin Kakuri da Makera cika yake da kekuna har mota ta rasa hanya. Ranar da aka biya albashi, mai tuwo da tela da mai gidan haya da mai nama duk sai sun san an biya. Daga wannan albashin ake sayen tikitin ƙwallo ranar Asabar, daga shi ake shiga silima a kalli fim ɗin Indiya da daddare, daga shi ake sayen jarida, kuma daga shi ake biyan irinmu kuɗin katin ɗaurin aure.

Yadda abin ya rushe kuwa ba ɓoyayye ba ne. Karyewar darajar naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ta sa kayan gyaran injuna da sinadarin rini suka yi tsada, wutar lantarki ta zama ba abin dogaro ba, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu duk da cewa matatar mai tana nan cikin gari tun 1980, noman auduga ya ja baya, sannan atamfar fasa-ƙwauri daga Sin ta cika kasuwa a kan farashin da masaƙar gida ba za ta iya karawa da shi ba. KTL ta rufe a 2002, tsofaffin ma'aikatanta suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu, Arewa ta bi bayanta, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta a 2010 ba ta koma yadda take a da ba. Kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, wanda ƙirarsa ta 504 ta zama motar gwamnati da ta haya da ta alhazai a faɗin ƙasar nan, shi ma ya ja baya ƙwarai. Don haka ne muka tsara cewa a kowane shafin da aka sa hoton ƙungiyar ƙwallo, za a sa hoton masana'anta a gefensa, domin mai kallo ya ga wanda ya ɗauki nauyin wani.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi, wanda muke faɗa cikin ladabi. A ɗakin saƙa ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo da Banufe suna karɓar aiki daga hannun juna, kuma ranar wasa benci ɗaya suke zama suna yi wa alƙalin wasa ihu da murya ɗaya. Bayan rikicin 2000 mutane da yawa sun sauya unguwa, wasu suka koma arewacin kogin Kaduna, wasu kudanci, kuma wuraren da a da ke tilasta mana haɗuwa kullum su ne suka rufe a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Abokan cinikinmu suna ɓangarorin kogin biyu, kuma daga ɓangarorin biyu muke roƙon hotuna.

A matsayinmu na masu ɗab'i, ba za mu tsallake jaridar New Nigerian ba, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, makonni biyu kafin a kashe Sardauna. A zamanin editoci irin su Malam Adamu Ciroma da Malam Mamman Daura, sharhinta na shafin farko abu ne da masu mulki ke karantawa da safe kafin su taɓa fayil, kuma tsaftar bugunta abin koyi ce ga duk wanda ya riƙe tawada a garin nan. Ita da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939, yanzu ba a ganin su a hannun masu talla a kan titin Ahmadu Bello. Duk wanda ya ajiye tsohon kwafi, ko da ya yi ja, muna so mu gani.

Sauran wuraren ba sai mun tsawaita ba. Otal ɗin Durbar da aka gina domin hawan dabar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977 an rushe shi a farkon 2020. Kantunan Kingsway da UTC sun tafi, Leventis kuwa sunansa ya fi zama a bakin direbobi saboda shataletalen da ake kira da shi. Muna neman hotunan otal ɗin Hamdala a lokacin da yake tashe, da na lambun Gamji da gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, da na tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction lokacin da jiragen Legas da Fatakwal ke haɗuwa a cikinta, da na baje-kolin kasuwar duniya sa'ad da ake yin sa a dandalin Murtala, da na Kasuwar Barci kafin a rushe ta a sake gini.

Ga yadda za a yi. Wanda ke da hoto, ko katin shaidar aiki na masaƙa, ko tikitin wasa, ko tambarin da ake liƙa wa turmin atamfa, sai ya kawo shago kafin ƙarshen watan Oktoba. Za mu ɗauki kwafinsa da na'ura a gabansa, mu miƙa masa abinsa nan take, ba zai kwana a wurinmu ba. Dattawan da fitowa ke yi musu wuya su aiko mana da saƙo, za mu tura yaro da na'urar har gida. Ba za mu shafa wa hoton baƙi da fari launi da kwamfuta ba, kuma ba za mu rubuta shekara a ƙarƙashin hoto ba sai mai shi ya tabbatar da ita ko an same ta a rubuce a bayansa, domin kalandar da ta yi kuskuren shekara ta ɓata abin da aka buga ta dominsa. Idan akwai fuskar mutumin da ke raye a cikin hoton, ko ta mamacin da iyalinsa ke nan, sai mun sami yardarsu kafin mu buga, kuma hotunan rikici ko na wuraren da aka ƙona ba sa cikin abin da muke nema. Duk wanda aka yi amfani da hotonsa za a rubuta sunansa a ƙasa idan ya amince, a kuma ba shi kwafin kalandar kyauta tare da babban bugun hoton nasa.

A ƙarshe, muna sanar da masu aikin katin biki da rasit da takardun makaranta cewa injinmu zai yi cunkoso a watan Nuwamba saboda wannan bugu, don haka wanda ya san yana da aiki a ƙarshen shekara ya daure ya kawo da wuri. Farashin ayyukanmu na yau da kullum ba zai ƙaru saboda kalandar ba.

Allah ya bar zumunci, ya yi wa sana'o'inmu albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naku cikin girmamawa,
Masu maɗaba'a da ma'aikatanta, Kaduna.